Daraktocin Jatau da Bijimin Dosara

Husaina mai daddawa ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da ta shigo yi mini sannu da ciwon ƙafa. Ita ƙanwar Taiba ce, Taiba kuwa matar Jatau mahauci, saboda haka abin da zan faɗa daga cikin ɗaki ya fito. In kun ji gishiri ya yi yawa, hannun Husaina ne. Ni ragewa ma na yi.

Jatau ba mugu ba ne. Duk Talata Mafara ba wanda zai ce ya taɓa ɓoye masa ƙashi a ƙarƙashin tsoka. Cutarsa ɗaya ce, baki. In ya yanka akuya da safe, kafin la'asar ta zama raƙumi a labarinsa. Yana da tebur a layin mahauta, gadon ubansa, a bakin hanya inda duk mai shiga kasuwa sai ya gifta. Mutum uku ke aiki a ƙarƙashinsa: Ɗan Asabe mai fiɗa, Habibullahi mai jan igiya, da Mas'udu mai wankin tumbi da hanji, wanda ya girme su duka har shi Jatau. Sun daɗe suna gunaguni cewa abin da yake ba su bai kai su ko'ina, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, a bari kasuwa ta buɗe.

Ana haka sai ga Muttaka, ƙanen Taiba, ya zo ganin gida daga Kaduna, inda yake aiki a wani kamfanin taki. Ya zauna cin tuwo da Jatau, wani kati na reto a wuyansa.

"Muttaka, wanga abu na wuyanka fa? Laya ce?"

"Katin aiki ne, Yaya."

"Karanta mani."

Muttaka ya gyara murya. "Babban Mataimaki na Musamman ga Manajan Shiyya."

Jatau ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano. "Duk kai kaɗai? Mutum nawa ke ƙarƙashinka?"

"Babu kowa."

"To mi kake yi?"

"In manaja zai fita in riƙe mashi jaka. In ya dawo in haɗa mashi shayi. Yaya, ai a kamfani kalma guda ke raba mutum da mutum. Mataimakin Manaja daban, Mataimaki ga Manaja daban. Na farko shina da kujera, na biyu tsaye yake wuni. Ni da na shiga Mataimaki ne zalla. Na nemi ƙarin albashi, sunka ce babu, amma sun ƙara mani Babba. Bana na sake nema, sunka liƙa mani na Musamman."

"Kuma kai shiru?"

"Har hoto na ɗauka."

Jatau bai ƙara cin tuwon nan ba. Ashe akwai abin da ake biyan mutum da shi, ba a sayen sa a kasuwa, kuma ba ya ƙarewa! Shekara da shekaru yana da rumbu cike a cikin bakinsa bai sani ba.

Ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: Kamfanin Jatau da 'Ya'yansa, Nama da Dangoginsa. Taiba ta dubi allon ta dube shi.

"Malam, waɗanne 'ya'ya? Ɗiyanka mata ne, duk suna gidan mazansu."

"Haka kamfani ke rubutawa. Ni kuma daga yau Shugaba ne, Babban Darakta, kuma Wanda Ya Kafa."

"Ubanka ya kafa teburin nan, Allah ya jiƙan shi. Kai ƙafarshi guda ma da ta karye, da bulo ka tokare ta."

"Taiba, ke ba ki san kamfani ba."

"Na dai san ka."

Da a ce Jatau ya kira yaransa gefe ya raɗa musu sunayen nan a kunne, da ba a yi komai ba. Amma Jatau ba ya iya yin abu a ɓoye, ko atishawa ce. Ranar Talata, kasuwa na tsakiyar ci, ya kira mai kalangu, ya sayo goro, ya tara mahautan layi kaf, ya ce za a yi naɗi.

Ya ce Ɗan Asabe ya zama Daraktan Fiɗa. Kalangu ya amsa. Habibullahi, Manajan Igiya da Sufuri. Kalangu ya amsa. Mas'udu, Manajan Kayan Ciki.

Mas'udu ya ƙi tasowa. "Maigida, lokacin da anka haifi Habibu ni na wanke hanjin ragon sunanshi. Yau ni da shi manaja-manaja?"

"Wannan mai sauƙi ne. Kai Babban Manaja."

"To ni ƙarami ke nan?" in ji Habibullahi. "A gaban surukina?"

"Kai Manaja Janar."

"Janar na soja?"

"Ya fi na soja, shi ba a harbin shi."

Ɗan Asabe ya ce shi fa nasa ya koma guntu kamar jelar akuya. Jatau ya ɗora masa na Musamman. Shi dai murna yake, yana ta ɗebowa daga rumbu yana watsawa, ko sisi bai fita aljihunsa ba.

Can gefe Baba Mukhtar na zaune kan buzu. Shi ne dattijon layin, shi ke raba tebura, shi ke raba faɗa. Ya ɓare goronsa a hankali ya ce, "Jatau, mu nan tun kakanni ba a naɗa mutum hannu wofi. Mai yanka ya san wuya nashi ne. Ko ragon suna, ungozoma ta san nata, wanzami ya san nashi. Waɗanga sarautu naka, wace tsoka ke bin su?"

Mai kalangu na daidai kunnen Jatau yana kiran sunan kakansa. Kansa ya kumbura. Ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, duk bijimin da kamfani ya kayar, kowa ya yanki daidai girman sunanshi!"

"Kun ji?" in ji Baba Mukhtar.

Layi ya ce, "Mun ji." Aka raba goro, aka shafa fatiha. Jatau ya tafi gida yana ganin magana ce irin wadda ya saba yi, iska ta ɗauke.

Ba a daɗe ba aiki ya faɗo. Hajiya Tabawa ta Bakura, mace mai sayar da shinkafa buhu-buhu, wadda ba a yi mata wasa da tukunya, za ta yi walimar saukar Alƙur'ani ta jikokinta biyu, Khadija da Zakiyya. Tana son naman bijimi guda, a yanka a ƙofar gidanta, a zuba a tukunya kafin azahar. Ta aiko wa Baba Mukhtar ya zaɓa mata mahauci. Jatau ya ji, ya zo ya durƙusa, ya ce yana da bijimi da yake kiwo wajen wani amininsa a Dosara, tozonsa kamar tulu.

Baba Mukhtar ya ce, "Don ubanka zan ba ka. Amma ka ji da kyau. Sunan layin nan za ka ɗauka zuwa Bakura. In naman nan bai shiga tukunyar Hajiya ba, teburin ubanka ya bar hannunka."

"Baba, da can mahauci kake aikawa. Yanzu kamfani za ka aika."

Ranar walima da sassafe Jatau ya yi shatar a-kori-kura ya tsaya jiran ma'aikata. Sai ga su tafe, kowa cikin babbar riga. Ɗan Asabe har da sanda. Mas'udu ya aro tabarau. Jatau ya ji daɗi ƙwarai, ya ce haka ake son kamfani. Sai dai su ukun suka cushe a gaba kusa da direba, suka ce manya ba su hawa baya. Shugaba, Babban Darakta, kuma Wanda Ya Kafa, shi ya hau baya ya riƙe ƙarfe har ƙasar Maradun.

A Dosara aka fito da bijimi. Wannan karon Jatau bai yi ƙarya ba, dabba ce ta gaske, ja, mai ƙaho kamar an buɗe hannu za a rungumi mutum. Ya ƙi ko kallon motar.

"Habibu, kama igiya."

Habibullahi ya gyara hannun riga. "Wa?"

"Kai mana!"

"Maigida, Manaja Janar ba ya kama igiya. Shina duba mai kama igiya ne. Na tambayi Muttaka kafin ya koma."

"To wa zai kama?"

"Wanda ke ƙarƙashina."

"Ai ba kowa ƙarƙashinka!"

"To ka ga inda kamfani ya gaza."

Jatau ya juya wajen Ɗan Asabe. Ɗan Asabe ya ce shi sai dabba ta kwanta aikinsa ke farawa, kuma ko ta kwanta, na musamman kawai yake taɓawa. Mas'udu ya ce shi nasa na ciki ne, duk abin da ke wajen bijimi ba ofishinsa ba ne.

Mutanen Dosara sun fara taruwa, masu fita gona sun ajiye fartanya. Jatau ya hango wani ƙato, mai ƙirji kamar ƙofa, ya yafuto shi.

"Bawan Allah, daga yau kai ne Mataimakin Manajan Igiya. Kama."

Ƙaton ya washe baki. Labarin goron Talata ya riga Jatau isowa, don kasuwa ba ta riƙe sirri. "Na gode, Allah ya ƙara girma. Mataimakin Manaja kac ce, ko Mataimaki ga Manaja?"

"Mataimakin!"

"To mai kujera ne." Ya hau mota ya zauna.

Rana na ɗagawa. Jatau ya tattare babbar riga ya ɗora a kafaɗa, ya ce wa jama'a su matsa su ga yadda ya taɓa kayar da bijimin Fulani a Morai da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cin gyaɗa. Ya naɗe igiya a damtse. Bijimi ya dube shi sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya zabura.

Husaina ta ce mutanen Dosara sun ga abin da ba su taɓa gani ba, mutum yana tafiya a kwance. Bijimi ya ratsa da shi ta kan juji, ya bi da shi ta cikin tumatir, ya faɗa da shi gonar shinkafa da aka sako wa ruwa. Riga fara ta koma kalar kunun kanwa. Hula ta yi gabas.

"Sako igiyar!" in ji mata daga bayan darni.

"Ba ya iya sakewa, shi yan naɗe ta!"

"Shugaba, a dage!" in ji Habibullahi daga bakin mota. "Ta hagu! Ina dubawa!"

Wata tsohuwa ta ce, "Wanga shi ne mai hannu ɗaya? To ya sa na biyun mana."

Laka ce ta tsayar da bijimin, ba Jatau ba. Samarin gari suka shiga suka fito da su biyun, ba a gane wane ne wane ba sai da aka ƙirga ƙafafu. Mai gonar ya zo yana kumfar baki, ya ce sai an je gaban mai gari. Jatau, laka na zuba daga kunnensa, ya dafa shi.

"Haba malam, mutum irinka da zuwa ƙara? Kamfani na neman Babban Mai Ba da Shawara kan Harkar Noma."

Mai gona ya leƙa tozon bijimi. Ya ce a jira shi ya ɗauko buhu.

Samarin da suka tura bijimi cikin mota su ma ba su tafi haka ba. Jatau ya ce su Kwamitin Lodi ne. Suka ce kwamiti ba shugaba? Ya naɗa. Ba sakatare? Ya naɗa. Duk suka ɗare mota, wasu a kan ƙarfe, wasu a jikin ƙofa. Direba ya leƙo ya ce shi bijimi da mutum huɗu aka yi da shi, ba gari guda ba. Jatau ya ce masa ai shi tun ɗazu Daraktan Tafiye-tafiye ne, mantawa aka yi ba a sanar da shi ba.

Mota ta kama hanyar Bakura tana nishi. Wajen Birnin Tudu taya ta ce ita ba da ita aka yi naɗi ba, ta fashe. Aka sauka. Mutum ya fi a ƙirga, amma ba mai ɗaga ƙarfe. Direba ya ce darakta ba ya kwanciya ƙarƙashin mota. Kwamitin Lodi suka ce su lodi suka sani, kuma sun gama. Mai Ba da Shawara ya ba da shawara a canza tayar.

Jatau ya kwanta ƙarƙashin mota, lakar jikinsa ta kwashi ƙasa, ya koma kamar ƙosai a garin ƙuli. Mai faci na bakin hanya ya taimaka, aka sallame shi da Injiniyan Kamfani. Shi ma ya rufe rumfarsa ya bi su a kan babur.

A Bakura kuwa, Hajiya Tabawa ta kafa tukwane tun hantsi. Shinkafa ta nuna, miya na tafasa ba nama. Malamai sun zauna a rumfa, Khadija da Zakiyya sun yi karatunsu, an yi addu'a, an sake yin wata don a ja lokaci. Baba Mukhtar na cikin baƙi, yana jan carbi da sauri fiye da yadda ya saba. Ladan na gyaran murya sai ga a-kori-kura ta shigo layi, mutane na reto a jikinta kamar jemagu.

Hajiya ta fito ƙofa da muciya a hannu. Ta dubi wani abu mai kalar ƙasa da ya diro daga baya.

"Wannan fa? Daga kabari anka tono shi?"

"Hajiya, barka da rana, barka da taro, ya gajiyar hidima? Ni ne Jatau, Shugaban..."

"Gajiya tana gaba. Waɗanga fa? Ni ban gayyaci Maradun ba."

"Ma'aikata ne, Hajiya."

"To su yi aiki."

Liman ya yanka, Allah ya saka masa, shi kaɗai ya yi abin da sunansa ya ce. Sauran aiki ya dawo kan Jatau. Shi ya feɗe, Ɗan Asabe na tsaye yana nuna masa da sanda inda wuƙa ta karkace. Shi ya fasa ciki, Mas'udu na leƙe ta saman tabarau yana cewa a yi hankali da matsarmama. Shi ya sassare ƙashi da gatari. Ya jera nama a kan fata, tuli guda, ja wur, ya miƙe yana riƙe da ƙugu. An makara, amma ga nama. Har ya fara shirya yadda zai ba da labarin a kasuwa.

"Hajiya, a kawo masaki a kwashe."

"Dakata, Maigida," in ji Mas'udu. Ya zaro wuƙa daga cikin babbar riga. Ashe duk sun zo da wuƙaƙensu. "Kamfani ya kayar da bijimi."

Jatau ya sha gabansa. "Mas'udu, wannan naman Hajiya ne."

"Duk bijimin da kamfani ya kayar, kac ce. Gaban layi. Mun ci goro."

"Ai magana ce!"

"Mu ma sunan magana ne, mun kuwa karɓa."

Mas'udu ya ɗora hannu kan tozo, ya ce Babba ba ya cin ƙasa da tozo. Habibullahi ya ɗora nasa, ya ce Janar ya fi Babba. Aka shiga musu. Wani malamin firamare cikin baƙi ya ce a iya saninsa Janar ya game ko'ina, Babba kuwa tsawo ne kawai. Aka yanke Mas'udu ya ɗauki tozo tunda shi ne a sama, Habibullahi ya ɗebi kaɗan daga ko'ina tunda shi ya game. Kaɗan ɗin Habibullahi ya cika daro.

Ɗan Asabe ya ce shi na Musamman ne, hanta da ƙoda da zuciya da ƙirji. Ƙaton Dosara ya saɓa ƙafar gaba, ya ce mataimaki mai kujera ne shi. Mai gona ya buɗe buhunsa ya ce sunansa ya fi na kowa tsawo, a auna a gani, ya jefa cinya. Direba ya ja ɗaya cinyar. Shugaban Kwamitin Lodi ya raba wa mutanensa haƙarƙari ɗaya-ɗaya, sakatare na kiran suna. Injiniya ya ɗaure kai da ƙafafu a bayan babur.

Jatau na tsalle daga wannan zuwa wancan. "Na sauke ka! Kai ma na sauke ka! Duk na rushe kwamitin!"

"Da goro anka naɗa," in ji Habibullahi, "sai da goro a sauke. Kana da goro?"

Kafin a ce kwabo, mota ta tashi da mutanen Dosara, babur ya bi ta. Abin da ya rage a kan fata: jela, huhu, saifa, da tumbi ba a wanke ba.

Hajiya Tabawa ta tako a hankali. Ta dubi fata. Ta dubi rumfa cike da malamai da surukai da mutanen da suka zo tun daga Gusau. Ta dubi jikokinta biyu a bakin zaure cikin sabbin hijabai, ƙaramar ta fara hawaye.

"Jatau, ina bijimina?"

Ko a nan bakin Jatau bai mutu ba. Ya durƙusa ya sassauta murya. "Hajiya, kamfani ya daɗe shina neman mace mai daraja. Uwar Kamfani, kuma Babbar Daraktar..."

Muciyar ta same shi a gadon baya kafin ya kai ƙarshen sunan. Ya miƙe, ta biyu ta same shi a inda yake zama. Ya zagaya tukwane, Hajiya na biye, mata masu girki suka tare hanya da ludaya. Ya yanki rumfar malamai yana "a gafarta, a gafarta", ya taka tumbin nan, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikinsa a gaban Bakura kaf.

Wani yaro ya ce, "Shugaba ya samu kujera."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Baba Mukhtar ya miƙe. Ya kira su Mas'udu su uku, don su ba su da motar gudu.

"Abin da kunka ɗauka naku ne, an faɗa gaban shaidu. Amma walimar Alƙur'ani ce, kuma sunan layinmu ne a ƙasa. Ku zuba shi a tukunyar Hajiya. Ni kuma teburin da ke bakin hanya na ba ku, ku uku."

Ba su yi musu ba. Tebur ya fi tozo.

"Baba," in ji Jatau daga inda yake zaune, "teburin ubana?"

"Na gaya maka tun a gida. Ubanka sunanshi guda, kuma bai taɓa kai wa mutane jela ba."

Aka ci walima bayan la'asar. Husaina ta ce kowa ya samu tsoka, amma sai ka tona shinkafa kamar mai neman ɗan kunne. Hajiya ta sa aka naɗe jelar a takarda aka ba Jatau, ta ce ya kai wa kamfani.

Sai dai tebur bai zauna lafiya a hannun sababbin masu shi ba. Ranar kasuwa ta zagayo, an kawo dabba, Darakta na kallon Janar, Janar na kallon Babba, ba mai sunkuyawa. Ƙuda suka fara taruwa. Daga ƙarshe suka aika a kira Jatau, wanda ke kwance a gida Taiba na gasa masa baya. Suka ce suna neman mai fiɗa da jan igiya da wankin tumbi, za su riƙa ba shi abin da yake ba su da can, in kasuwa ta buɗe a duba. Jatau ya ce da sharaɗi ɗaya, ba za a taɓa masa sunansa ba. Suka ce ko harafi ba za su cire ba, in yana so ma a ƙara masa na Musamman.

Nan Husaina ta tsaya, ta ɗauki tiren daddawarta ta tafi, ta bar ni ina dariya har ƙafar ta motsa. Amma da dariyar ta lafa sai tausayi ya kama ni, don na san uwar Jatau, tare muka yi tallan fura.

Washegari da safe na dama koko mai kauri, na zuba a kwanon sha, na ɗingisa har layin mahauta. Na tarar da su uku a kan benci cikin riguna suna shan shayi. Jatau na durƙushe bakin kwata da hanji a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Na gaishe su duka, na tambayi gida da iyali da gajiya. Sannan na ce, "Jatau, taso ka karya."

Ya waiga ya ga ko su Mas'udu na ji, ya rage murya. "Inna, nan wurin aiki ne. Ba a kiran suna, sai muƙami."

Na ce, "To muƙamin ya zo ya sha koko, in shina da ciki. In babu, in mayar wa jikokina."

Ya dubi hanjin, ya dubi kwanon. Ya wanke hannu ya zo ya tsuguna a gabana, ya shanye tas, har ya lashe ludayi.